Abin da Ya Fita

A garejin Malam Tanimun, kan hanyar Tanut,
inuwar dogonyaro kan ƙare kafin azahar.
Bazara ta zauna bisa duwatsun Damagaram
har ƙadangare na ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗaya.

Motar wani ɗan kasuwar albasa ce,
fara, mai tsagaggen gilashi,
kilim ɗinta na hura iska kamar bakin tanderu.
Muka ɗaga kapo.
Kwamfaresa ya mutu, in ji maigida,
tun bai taɓa shi ba,
kunne kawai ya kara.

Na kwance tiyo, na kwance ƙusoshi huɗu,
na huɗun sai da ya ci mini fatar yatsa.
Na ɗauko sabo daga kwali, ina ɗoki.
Ya ce, Mutari, tsaya.
Ba a binne tsoho sai an tambaye shi abin da ya riƙe.

Ya kife mataccen bisa kofin shayi,
wani ƙaramin kofi da ya daina ganin shayi
tun kafin in zo.
Mai ya ɗiga,
ya ɗiga,
launin zumar da ta kwana biyu.
Ya juya bakin da hannu, wani ɗigon ya biyo.
Ya sa farce inda man ya tsaya.
Ga bashinmu, ya ce. Iya nan.

Ni na san dalilin farcen.
Bara, ranar da ya tafi jana'iza Mirriya,
na yi wa wata mota alheri:
na zuba mai kamar mai zuba miya ga baƙo.
Mai motar ya kai Takeita ya juyo,
rigarsa jiƙe, bakinsa ba daɗi.
Mai ya cika hanya, gas bai sami wurin wucewa ba.
Maigida bai zage ni ba.
Ya ce, rowa tana ƙone ƙarfe,
almubazzaranci yana kashe sanyi,
ka zaɓi wanda za ka biya.

Yau ya nuna mini sauran.
In ka cire kondansa, da ɗan mai yake tafiya.
In ka cire bututun tace danshi, shi ma haka.
Ko guntun tiyo,
ba ya barin gida hannu wofi.
Duk wanda ya fita ya ɗauki rabonsa,
kai kuma ka mayar, ba ƙari, ba ragi.
Rufe kwalbar, ya ce, man nan mayen danshi ne,
ko numfashinka yana sha.

Sai ya yi shiru.
A jikin bango akwai ƙusa,
a jikin ƙusa akwai rigar aiki shuɗiya
wadda ba ta kowa ba ce a cikinmu.
Ta Zabairu ce, ɗansa,
da ya hau babbar mota zuwa Agadas shekara shida ke nan,
ya yi waya sau biyu.
A gurbinsa aka ɗaura ni.
Ƙusoshin sun zauna daidai,
amma ban taɓa tambaya ba
ko nawa ya tafi da shi,
ko wa ya auna.

Na juya sabon sau goma da hannu
don mai ya san ɗakunansa.
Muka zuƙe iska, muka ba shi gas.
La'asar ta yi.
Mai albasa ya sa tafin hannu a bakin iska,
ya lumshe ido,
ya ƙirgo jikka ashirin ba ciniki.

Maigida ya goge kofin da gefen rigarsa.
Bai mayar da shi aljihu ba.
Ya miƙo mini.
Gobe akwai motar likita, ya ce,
kai za ka sa farce.